DAGA RANAR HAIHUWA ZUWA ARBA'IN: HAƘƘIN JARIRI DA MAI JEGO A KANMU

 

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi kwanakin jego, tun daga lokacin da jariri ya faɗo har zuwa arba'in. Mun fuskantar da shi musamman ga matanmu na ƙasar Rogo da Karaye, waɗanda da yawansu ke zaune nesa da babban asibiti, a wurare irin su Zarewa, Fulatan, Gwangwan, Zoza da Ruwan Bago. Amma duk wadda ta karanta, a birni take ko a ƙauye, in sha Allahu za ta sami abin ɗauka.

ME YA SA KWANAKIN FARKO?

Binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa a cikin jarirai 1,000 da ake haifa da rai a Nijeriya, 39 ba sa cika wata guda a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana cewa kusan kashi uku cikin huɗu na irin waɗannan rashe-rashe a makon farko suke faruwa, wato kafin suna ko a bakin suna. Rai da ajali na Allah ne, wannan ba mai jayayya. Sai dai Allah da ya ba mu amanar jaririn, shi ne ya umarce mu da riƙo da sababi, kuma zai tambaye mu yadda muka riƙe ta.

To a wannan mako, wa ke riƙe da jariri? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, a gidajenmu mai jego ba ita ke da ta cewa ba, balle yarinya mai haihuwar fari da ta zo goyon ciki gidan iyayenta. Abin da uwa ko suruka ko ungozoma ta ce, shi ake yi. Ko da ta ji bayani a wajen awo, kunya da ladabi ba za su bar ta ta musa wa manya ba. Saboda haka wannan darasi ba na masu ciki kaɗai ba ne. Namu ne mu duka, musamman mu da muka fara aurar da 'ya'ya.

SA'AR FARKO

Da zarar jariri ya faɗo, abu uku yake bukata: numfashi, ɗumi da nono. A goge shi nan take da busasshen zane mai tsabta, a cire jiƙaƙƙen, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su tare, a rufe masa kai. Jariri ya fito ne daga wuri mai ɗumi, jikinsa kuma yana saurin yin sanyi ko da a watan zafi, balle lokacin hunturu. Don haka ne ma'aikatan lafiya suka ce a jinkirta wankan farko har sai ya kwana ɗaya, in kuma ba hali, to kada a yi shi kafin awa 6. Farin maiƙon nan da ke jikinsa ba ƙazanta ba ne, kariya ce ga fatarsa, ba sai an dirje shi da soso ba. Maganar cewa in ba a cuɗe shi ranar haihuwa ba zai tashi da warin jiki, ba ta da tushe.

Sannan a sa shi a nono kafin awa guda ta cika. Wannan tsotson farko yana taimakon uwar ma, domin yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu.

DAKASHI BA DAUƊA BA NE

Ruwan nonon farko mai kauri, mai launin rawaya, shi muke kira dakashi. An daɗe ana matse shi ana zubarwa, ana cewa sai an wanke nono, a bar jariri kwana biyu ko uku yana shan ruwan ɗumi ko madarar shanu ko ta akuya. A wasu gidajen ma har gwajin nono ake yi, a tatsa a jefa tururuwa, in ta mutu a ce nonon ba shi da kyau. 'Yar'uwa, tururuwa ko a ruwan randa ta faɗa tana iya mutuwa.

Dakashi shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri. Cike yake da sinadaran kariya daga cututtuka, yana shafe hanjin jariri, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko, wanda hakan ke rage haɗarin shawara. Kada ƙanƙantarsa ta dame ki. A ranar farko cikin jariri bai wuce ya ɗauki kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shan guda ba. Allah ya auna abincin daidai da tumbin. Yawan tsotso kuma shi ke janyo farin nonon ya sauko a kwana na biyu zuwa na huɗu.

Game da tahniki, ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya tauna dabino ya shafa a ganɗar Abdullahi ɗan Zubairu lokacin da aka haife shi. Mu lura, ɗan shafe ne, kuma sau ɗaya. Ba hujja ba ce ta a jiƙa dabino a kofi a yi ta ɗura wa jariri kwana da kwanaki. Mai yin tahnikin ya kasance lafiyayye, ba mai tari ko gyambon baki ba, ya kuma wanke hannu. Ita kuwa zuma, duk da albarkarta, likitoci sun hana ba yaron da bai shekara ba, saboda takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. In ana son rubutu ko zamzam, uwar ta sha, shi kuma a yi masa addu'a.

NONO ZALLA HAR WATA SHIDA

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar cewa a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, sannan a fara haɗa masa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Mu kam ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta riga ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Shi kansa Manzon Allah (SAW) an shayar da shi, Suwaibatu ta shayar da shi, sannan Halimatus Sa'adiyya.

Matan Hausa ba su da ƙyashin ba da nono, alhamdu lillahi. Inda gizo ke saƙar shi ne ruwa. Wancan bincike na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla. Shi ya sa a 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana ba jarirai ruwa kafin wata shida.

Na san abin da wata za ta ce: "Haba Malama, a zafin nan na bazara a ce kada a ba yaro ruwa? Ai alhaki ne." Tausayin gaskiya ne, amma ga bayani. Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Wanda ke fara fitowa in ya kama yana da tsinkewa, shi ke kashe ƙishi, na ƙarshe kuma yana da maiƙo, shi ke ƙosarwa. Don haka in ana zafi a ƙara yawan ba shi nono, ita kuma uwar ta yawaita shan ruwa. Illar ba shi ruwa iri biyu ce. Ta farko, ruwan yana cike ɗan cikin nan, ya rage tsotso, nono ya ja baya. Ta biyu, ruwan rijiya ko na rafi ko na dam, kai har wanda ya kwana a randa ana tsoma moɗa, yana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke kawo gudawa, gudawa kuwa ba ta daɗewa take kayar da jariri. Wani nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2016 ya ƙiyasta cewa inganta shayarwa zai iya tsirar da yara fiye da 800,000 duk shekara a duniya.

"NONONA BA YA ISARSA"

Wannan kuka ne da muke yawan ji, kuma mafi yawan lokuta matsalar daga kamun nonon take. Ki zauna ki jingina, ki juyo da jaririn gaba ɗaya, cikinsa ya fuskanci cikinki, kansa da jikinsa a miƙe. Ki taɓa leɓensa da kan nono, in ya wangale baki sai ki matso da shi. Alamar ya kama daidai ita ce:

1. Bakinsa a buɗe sosai.
2. Leɓensa na ƙasa ya juyo waje.
3. Haɓarsa tana taɓa nono.
4. Ya haɗa da yawancin baƙin da ke kewaye da kan nonon, ba kan kawai ba.

In kan kawai yake tsotsa, zai tsattsage miki shi, ki sha zafi, shi kuma bai ƙoshi ba. A ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana, aƙalla sau 8 zuwa 12 a kwana. A bar shi ya gama da ɗaya kafin a juya shi ɗayan. In bayan kwana biyar yana fitsari sau 6 ko fiye a kwana, kuma nauyinsa yana ƙaruwa a wajen awo, to nono yana isarsa ko da yana kuka. Nono kamar rijiya yake, gwargwadon ɗiba gwargwadon tsattsafowa.

In nono ya cika ya yi tauri, a gasa da tsumma mai ɗumi, a ɗan tatsa, a ci gaba da ba shi. In ya yi ja yana zogi har da zazzaɓi, a je asibiti, amma kada a daina shayarwa sai ma'aikacin lafiya ya ce. Mai zuwa makaranta ko aiki ko gona tana iya tatsa a kofi mai tsabta da murfi, a ajiye a inuwa, a ba shi da ƙaramin kofi cikin awa 4. A guji bulumboti, wankinsa da wuya, kuma yana tara cuta. Haka nan in ciki ya shiga ana goyo, nonon bai zama guba ba. Yaye na gaggawa shi ke jefa yaro cikin tamowa.

CIBIYA ƘOFA CE

Cibiyar jariri buɗaɗɗiyar hanya ce zuwa cikin jininsa. A yanke ta da sabuwar reza, a ɗaure da zare mai tsabta, mai yin aikin kuma ta wanke hannu da sabulu. Kada a sa toka, ko gishiri, ko man goge baki, ko kashin dabba, kada kuma a yi ta gasa ta da tsumma ko kasko don ta yi saurin faɗuwa. Ta nan cutar sarƙewar haƙora da ruɓewar jini ke shiga. Cibiya za ta faɗi da kanta, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu, ba dole sai kafin suna ba.

Akwai man shafawa mai suna kulorheksidin da aka tanada don cibiya. Jihar Sakkwato ta fara raba shi gida-gida a 2013, daga baya aka karɓe shi a ƙasa baki ɗaya. Ana shafa shi sau ɗaya a rana a makon farko. Ki tambaye shi tun a wajen awo, ki ajiye cikin kayan haihuwa. Amma don Allah a kiyaye: na cibiya ne kaɗai. An sami jarirai da suka makance saboda an ɗiga musu shi a ido bisa kuskure.

Haka kuma a raba kayan jariri da kafur ɗin da muke sawa a akwati, domin yana haddasa wa wasu jarirai shawara mai tsanani. Cire beli da tsagar wanzami su ma suna jawo zubar jini da shigar cuta.

BAKWAINI DA ƘARAMIN JARIRI

Jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba yana bukatar kulawa ta musamman, kuma a kai shi asibiti a duba shi. A 1978 likitoci a birnin Bogota na ƙasar Kwalambiya, da suka rasa isassun kwalaben ɗumama jarirai, sai suka koma ɗaure bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, dare da rana. Dabarar ta yi nasara har duniya ta ɗauka. Mu da muka iya goyo, wannan ba zai ba mu wuya ba: goyo ne a gaba, jariri daga shi sai hula da nafkin, a tsakanin nonuwa, a ɗaure da zane. In uwa ta gaji, kaka ko uba ya karɓa. In ba shi da ƙarfin tsotso, a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi.

ITA KUMA MAI JEGON FA?

Sau da yawa hankali yakan koma kan jariri da shirin suna, a manta da wadda ta sha wuyar. Mai jego tana bukatar abinci mai gina jiki, kuma akwai shi a ƙasarmu: wake, gyaɗa, awara, ƙwai, kifi, nono, zogale, rama, kunun gyaɗa. Kada nama ya tsaya a ranar ƙauri da ranar suna kawai. Ta ci gaba da shan maganin ƙarin jini, ta kwana cikin gidan sauro ita da jaririnta.

Batun wankan jego da kunun kanwa kuwa, ga abin da aka sani. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun ba da rahoton yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da zafin da ake gasa jiki da shi da kuma yawan kanwa. Daga baya wani bincike da Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na ƙasar nan, aka buga a 2020, ya nuna cewa ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, amma bai sami alaƙarsa da al'adun jego ba. Abubuwan da ya gano suna tafiya da ciwon su ne rama, da hawan jinin masu ciki, da rashin karatu, da rashin sana'a. Kun ga ke nan ciyar da mace da kai ta awo ba ƙaramin rigakafi ba ne. Duk da haka kanwa dangin gishiri ce, mai hawan jini ko kumburi ta nisance ta. Ruwan wanka kuma ya zama mai ɗumi da jiki zai iya ɗauka, ba tafasasshe mai sale fata ba.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

Ga jariri: ƙin kama nono, jijjiga ko sanƙarewa, numfashi da sauri ko faɗawar ƙirji, zafin jiki ko sanyinsa, rashin motsi sai an taɓa shi, cibiya mai ja ko ruwa ko wari, ido mai fitar da mugunya, da shawara a ranar farko ko wadda ta kai tafin hannu da ƙafa. Shanya shi a rana ko ba shi ruwan gulukos ba ya maganin shawara, jinkiri kuma yana iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Ga uwa: zubar jini mai yawa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jijjiga, zazzaɓi, jini mai wari, haki ko kasa kwanciya saboda numfashi, kumburin ƙafa da fuska, da baƙin ciki mai tsanani ko ƙin jaririn. Wannan na ƙarshe ciwo ne da ake magani, ba a tsaya kan cewa iska ce ba.

Ko lafiya lau ake, a duba uwa da jariri a ranar farko, da kwana na uku, da tsakanin mako ɗaya zuwa biyu, da mako na shida. Ko a gida aka haihu, a kai shi asibiti mafi kusa ya karɓi rigakafin haihuwa: na tarin fuka, na shan inna da na ciwon hanta, wanda ya fi amfani in an yi shi cikin awa 24. Saura kuma a mako na 6, na 10, na 14, sai wata 9 da wata 15. Zaman arba'in al'ada ce mai kyau don hutu, amma ba ta hana fita neman lafiya.

KOWA DA NASA AIKIN

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ayar nan ta Baƙara da ta ambaci shayarwa, ita ce kuma ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Ki zauna da maigida tun ciki yana wata bakwai, cikin ladabi da lafazi mai daɗi, ku tsayar da magana: a ina za a haihu, wane mai mota ko mai babur za a kira in dare ya yi, nawa aka ajiye, kuma ya ba da izini tun yanzu cewa in matsala ta taso ba ya gida, a wuce asibitin Rogo ko na Karaye ba sai an jira shi ba. Wannan ya fi muhimmanci ga masu haihuwa da damina, lokacin da hanyoyin wasu ƙauyuka ke yankewa. Abin da za a kashe wa anko da kayan suna, a fara cire na lafiya daga ciki.

Iyayenmu da surukanmu, ku ne garkuwa. Abin da kuka yi a da, kun yi shi ne da ƙauna da iyakar sanin lokacin. Yau in kaka ta ce ba za a ba jikanta ruwa ba, duk gidan ba mai ba shi. Abokiyar zama da maƙwabciya, ɗauke mata girki da ɗiban ruwa sadaka ce. Masu zuwa barka kuma a wanke hannu kafin a karɓi jariri, mai mura ta yi barkarta daga nesa. In azumi ya riski mai shayarwa tana jin tsoro ga kanta ko ga ɗanta, shari'a ta yi mata sauƙi, sai ta tambayi malamai yadda za ta rama.

AIKIN GIDA

Muna roƙon malaman Islamiyya da shugabannin rassa su karanta wannan darasi a majalisinsu, sannan a tattauna waɗannan tambayoyi: Mene ne aka fara ba jariri na ƙarshe da aka haifa a gidanmu? Wa ya yanke shawarar? Mace nawa ke da ciki a unguwarmu yanzu, kuma nawa ne ke zuwa awo? Kowace ɗaya daga cikinmu ta zaɓi mai ciki guda, ta ziyarce ta, ta kuma gaisa da uwarta ko surukarta, ta isar musu da abin da ta karanta cikin girmamawa.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriya bisa tafarkin Musulunci, ya jiƙan waɗanda suka rasu a wajen haihuwa, ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.